El Anatsui: Mu Ke Da Juji, Su Ke Da Bango

Idan ana lissafin manyan masu fasahar sassaƙa da ƙira na wannan zamani, da wuya a yi nisa ba a ambaci wani dattijo mai suna El Anatsui ba. Ɗan asalin ƙasar Gana ne, an haife shi a 1944 a garin Anyako, amma shekara 36 ya yi yana koyarwa a Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, daga 1975 zuwa 2011, kuma a wannan ɗan garin na jihar Inugu ya ƙera ayyukan da suka ɗaga sunansa. Manyan gidajen adana kayan fasaha na Landan da Niyok da Faris duk suna alfahari da mallakar aikinsa. Amma je ka tsaya a ƙofar kowace jami'a tamu ka riƙa tambayar masu wucewa ko sun san shi, na tabbata sai ka gaji da tsayuwa kafin ka tara cikin mota guda. A ganina mutumin ya cancanci kujerar da duniya ta ba shi, kuma kujerar ta tona mana wani asiri wanda ya kamata ya hana mu barci.

Bari in fara kwatanta wa mai karatu aikin, tunda ba kowa ne ya taɓa ganin ko hotonsa ba. Irin marfin nan na alminiyam da ake murɗewa a bakin kwalba, kamar na maganin tari, to irinsa ne kayan aikin, sai dai nasa na kwalaben barasa ne da ake yi a Nijeriya. Ana tara su dubbai, a yanka, a buɗe, a daddale su su yi fale-fale, wasu a lanƙwasa, wasu a murɗe, wasu a bar su zobba. Daga nan sai a huda kowane a gefe, a ɗaure shi da ɗan'uwansa da siririyar wayar jan ƙarfe, a yi ta yi har a sami ƙananan fallaye. Waɗannan fallayen ne ake shimfiɗawa a ƙasa, shi kuma yana zagayawa yana cewa a matsar da wannan, a kawo wancan, har sai launukan sun zauna yadda yake so, sannan a ɗinke su wuri guda. Abin da ke fitowa wani makeken mayafi ne na ƙarfe, ja da baƙi da ruwan zinariya da na azurfa, wanda ke lanƙwasa yana tattarewa kamar yadi. Daga nesa sai ka rantse alkyabbar wani babban sarki ce aka rataye. Sai ka matso kusa sannan za ka ga ashe shara ce, har kana iya karanta sunayen barasar a jikinta.

Wannan fasaha ba dare ɗaya ta sauko masa ba. A Kumashi ya yi karatu, a zamanin da manhajar makarantar zane kusan duk ta Turawa ce. Da ya gama ya soma koyarwa a Winneba sai ya koma kasuwa yana sayen farantan katako irin waɗanda mata ke baje kaya a kai, yana ƙona musu alamomin adinkra na mutanen Ashanti da ƙarfe mai zafi. Da ya iso Nsukka ya tarar da Uche Okeke yana shugabantar sashen zane. Shi Okeke ɗin ɗalibin Zariya ne, yana cikin samarin da suka kafa ƙungiyar masu zane a can a 1958, waɗanda suka dage cewa ɗan Afirka ya haɗa abin da ya koya a aji da abin da ya gada a gida. A nan Anatsui ya kama yumɓu, ya yi jerin ayyukan da ya kira fasassun tukwane, bisa tunanin cewa tukunya idan ta fashe ba ta mutu ba, wani aikin take komawa. Bahaushe ma ya san haka, don da kaskon fasasshiyar tukunya ake ba kaji ruwa, da shi ake ɗebo wuta. Ɗaya daga cikin ayyukan wannan lokacin, na 1977, siffarsa daga kawunan yumɓu na Nok ya ɗauko ta, wato waɗannan da aka tono a kudancin jihar Kaduna. A 1980, lokacin da ya je wani zama na masu fasaha a Amurka, ya gano amfanin zarton inji, ya dawo ya shafe kusan shekara 20 yana yayyaga katako da shi yana babbaka shi da wuta. Ya yi aiki da marafen gwangwanin madarar Peak, ya yi da tsofaffin magogin rogo da masu garin kwaki suka yar. Sai wajen ƙarshen shekarun 1990 ya tsinci wani buhu cike da marafen kwalba an jefar a jeji, ya kai ɗakin aikinsa ya ajiye, ya yi watanni yana kallonsu kafin dabara ta zo masa.

Ko da dabarar ta zo, duniya ba ta yi saurin waiwayo ba. Tun a 1990 ya halarci babban baje kolin fasaha na birnin Benis a ƙasar Italiya, wanda ake yi duk bayan shekara biyu tun 1895, yana cikin 'yan Afirka biyar da aka nuna aikinsu. An yaba, an watse. Sai a 2007 da ya koma, ya lulluɓe gaban wani tsohon gida mai suna Palazzo Fortuny da mayafin marafe tun daga sama har ƙasa, sannan kowa ya tsaya cak. Shekarunsa 63 a lokacin. Daga nan ƙofofi suka yi ta buɗewa. A 2013 ya rufe fuskar ginin Royal Academy a Landan da wani aiki mai faɗin sama da mita 20. A 2015 Benis ta ba shi lambar Zakin Zinariya ta girmama aikin rayuwa gaba ɗaya. A 2017 Japan ta ba shi babbar kyautarta ta Praemium Imperiale. A 2019 aka yi gagarumin baje kolin ayyukansa a Munik ta Jamus, daga can aka kai shi Doha, sannan Bern ta Suwizalan. A watan Oktoban 2023 kuma gidan Tate Modern na Landan ya miƙa masa katafaren zaurensa, wanda a da tashar wutar lantarki ce, ya rataye manyan ayyuka uku a ciki har zuwa Afrilun 2024. Ta fuskar kuɗi ma, a 2012 an sayar da wani aikinsa a gwanjon Bonhams a Landan kan sama da fam dubu 500, a 2014 kuma wani mai suna Paths to the Okro Farm, wato hanyoyin zuwa gonar kuɓewa, ya haura dala miliyan ɗaya a gwanjon Sotheby's a Niyok.

To, na san abin da wasu za su ce, don irin maganar ba baƙuwa ba ce. Na farko zai ce ai wannan shirme ne, Turawa ne kuɗi ya yi musu yawa, ko yaro ya tsinci marafe zai iya. Amsar wannan ɗaya ce: kowa ya rena tsayuwar wata ya hau ya gyara. Marafen nan sun yi shekara da shekaru suna zube a juji, miliyoyin mutane suna tattaka su, cikinsu har da malaman zane masu digiri uku, ba wanda ya ga yadi a jikinsu sai shi. Kuma abin da ya yi ya taɓa tushen sana'ar. Kafin shi, abin da aka fi sani da sassaƙa shi ne abu mai nauyi, mai tauri, wanda siffarsa ba ta sauyawa, a dasa shi wuri ɗaya sai dai a zagaya shi. Nasa kuwa ninke shi ake yi a sa a akwati, kuma ya bar wa masu ratayewa 'yancin su tattare shi yadda suka ga dama, ta yadda aiki guda yana iya fitowa da fuska daban a kowane gari. Ba zane ba ne, ba saƙa ba ce, ba kuma sassaƙa irin wadda aka saba ba ce, dole ta sa masana suka faɗaɗa ma'anar kalmar don su sama masa wuri. Ba kullum ake samun mai yin haka ba, ko a Turai.

Na biyu zai ce ai ba shi ke aikin ba, samarin Nsukka ne gwammai ke zaune suna huda da ɗauri tun safe har yamma, shi kuma sunansa kaɗai ake rubutawa a bango. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma duk mai irin wannan ɗakin aiki wajibi ne a riƙa tambayarsa yadda yake sallamar ma'aikatansa. Amma raba aiki tsakanin mai tsarawa da masu hannu ba sabon abu ba ne a wurinmu. Masallacin Juma'a na Zariya da aka gina a ƙarni na 19, har gobe sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu ake kira, alhali ba wanda ke zaton shi kaɗai ya kwaɓa ƙasa ya miƙa wa kansa tubali. Haka babbar riga mai aska takwas: wani ke zana, wasu ke zama da allura wata da watanni. Idon da ya san inda ja zai tsaya da inda baƙi zai soma, shi ne abin da ba a samu a kasuwa.

Na uku kuma, wanda ya fi kusa da mu, zai ce ina ruwanmu da aikin masu mutum-mutumi, balle wanda aka yi da marfin giya? A nan ma sai a yi adalci. Galibin waɗannan mayafan ƙarfen babu siffar mutum ko dabba a jikinsu, launi ne da tsari da haske, irin abin da idonmu ya saba gani a zanen bangon Zariya da Kano da adon sirdi da zayyanar allo. Ƙasashen Musulmi ma sun karɓe shi, don ban da Doha, an rataye aikinsa a fadar El Badi ta Marrakesh a Maroko a 2016. Batun barasa kuwa, ai ba tallarta yake yi ba. Shi da kansa ya sha bayyana cewa marafen suna tuna masa da cinikin bayi: barasa na cikin manyan kayan da jiragen Turawa suka riƙa saukewa a gaɓar Afirka ta Yamma ana musanya su da mutane, mutanen a kai su gonakin rake a tsallaken teku, daga raken a yi sukari da wata barasar, a sake lodo ta a dawo. Aikin farko da mai shiga zauren Tate ke cin karo da shi a 2023 an yi shi ne kamar filafilan jirgin ruwa, jajawur. Gidan kuma sunan Henry Tate ya ci, attajirin da ya yi arziki da sukari a ƙarni na 19. Shi Tate bai mallaki bayi ba, amma sana'ar da ya shiga a kan gumin bayi aka kafa ta. Wato dai dattijon ya shiga har tsakar gidansu ya rataya musu tarihinsu, suka biya shi, suka kuma tafa.

Akwai ma wani abin da ya ƙara masa daraja a idona. Bai yi hijira ba. Yawancin 'yan Afirka da suka yi suna a wannan fage sai da suka tare a Landan ko Niyok ko Balin tukuna. Shi kuwa ya zauna a Nsukka, garin da ba shi da filin jirgin sama, yana koyarwa yana aiki, har sai da masu baje koli suka riƙa yin tattaki suna zuwa wurinsa. Daga baya ya buɗe wani ɗakin aikin a Tema ta ƙasar Gana. Kuma kada a ɗauka Turawa kaɗai suka ɗaga shi. Lambar 2015 ta zo ne a shekarar da Okwui Enwezor, ɗan Nijeriya, ya zama ɗan Afirka na farko da ya shugabanci baje kolin Benis. Shi ne kuma, tare da Chika Okeke-Agulu wanda tsohon ɗalibin Anatsui ne, ya shirya na Munik, ya rasu 'yan kwanaki bayan buɗe shi. Ashe idan namu suka kai inda ake yanke hukunci, hukuncin kan sauya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Mutumin ya zauna, amma aikin bai zauna ba. Mayafai biyu na farko, Man's Cloth da Woman's Cloth, suna British Museum a Landan. Between Earth and Heaven da Dusasa II suna gidan Metropolitan a Niyok. Sasa yana cibiyar Pompidou a Faris. Wanda ya sha abin da ke cikin kwalbar ɗan Nijeriya ne, wanda ya tsinto marfin ɗan Nijeriya ne, wanda waya ta yayyanke wa yatsu ɗan Nijeriya ne, amma duk cikinsu wanda ke son ya tsaya gaban aikin da aka gama sai ya nemi biza. Abin da ake kira duniyar fasaha, idan ka duba da kyau, 'yan birane ne ƙalilan masu gidajen adana kaya da gidajen gwanjo da mujallu da attajirai. Su ke saye, su ke ajiyewa, su ke rubuta tarihi. Anatsui ya sami kujera a wannan gida, har ma a sahun gaba, amma gidan ba namu ba ne.

Abu ne mai sauƙi a ce laifin Turawa ne, sai dai laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shekara da shekaru muna kururuwa a dawo mana da kayan tagulla na Bini da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, kuma kururuwar ta yi amfani, don a watan Disamban 2022 Jamus ta kawo kashin farko Abuja. Dalilin da ya sa aka saurare mu shi ne da bindiga aka ɗauka. Na Anatsui kuwa da rasit suke fita, ciniki ne na halal, an taya an sallama. Nan da shekara 100 jikokinmu ba su da bakin cewa a dawo da su. Za a nuna musu takarda ne kawai, a ce lokacin da ake sayarwa ina kakanninku suke? Kuma ba za a ce ba kuɗi ba. Farashin aiki guda bai kai na wasu gidajen da ke kulle ba kowa a Maitama ba. Hukumar adana zane-zane ta ƙasa an kafa ta tun 1993, amma ta shafe shekaru masu yawa ba ta da babban ginin baje koli nata na kanta a Abuja. Ko da an ba mu irin mayafin Benis kyauta, a wane bango za mu rataye shi?

Ba wai babu masu ƙoƙari ba. Marigayiya Bisi Silva ta shirya masa baje koli a cibiyarta da ke Legas a 2014 lokacin da ya cika shekara 70. Akwai 'yan Legas da suka sayi ayyukansa na katako tun kafin ya yi tsada, akwai kuma gidan adana fasaha na Yemisi Shyllon da aka buɗe a 2019 da kayan da mutum ɗaya ya tara da aljihunsa. Amma duk wannan bai wuce cikin cokali ba, kuma kusan duk a gari ɗaya ya taru.

Mu a Arewa muna da labarai biyu da suka isa darasi. Kan yumɓun nan na Jama'a, wanda ya sa Bernard Fagg ya gano al'adar Nok a 1943, kafin ya isa hannunsa sai da ya yi zaman korar tsuntsaye a gonar doya, don wanda ya tsince shi bai ga wani amfaninsa da ya wuce haka ba. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu kuwa shi ne na Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20. Mutane da yawa sun ɗauka Baturen nan Michael Cardew ne ya fara gane gwanintarta, alhali shi a fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya fara ganin tukwanenta, domin sarkin ya riga shi sanin darajarsu, yana saye yana ajiyewa. Da Barau bai saya ba, da wataƙila ba mu san sunanta ba. Abin tambaya shi ne, yau wanne muka fi kama da shi, mai gonar doya ko sarki?

Saboda haka kirana kashi biyu ne. Ga matasanmu masu karatun zane a Zariya da Maiduguri da sauran wurare, darasin Anatsui ba marfin kwalba ba ne. Masu kwaikwayonsa sun riga sun yi yawa, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Darasin shi ne mutum ya dubi abin da ke gaban ƙafarsa da idon basira, ya kuma yi haƙurin shekara 30 yana gwaji. Ƙasar da maƙera ke mayar da gwangwanin madara fitilar aci-bal-bal, ake yanka tsohuwar taya a yi guga da takalmi, 'yan jari-bola ke zagaye kowane lungu, ba ta rasa kayan aiki ba kuma ba ta rasa hannu ba. Ga masu hali kuma, attajirai da sarakuna da bankuna da jami'o'i, abin da ake nema bai fi ƙarfinsu ba: zaure mai tsawo wanda rufinsa ba ya yoyo, ma'aikaci ɗaya ko biyu da suka san aikin, da ɗan kasafi na sayen aikin masu rai duk shekara, a buɗe ƙofa 'yan makaranta su riƙa shiga kyauta. Yaron da bai taɓa tsayawa gaban babban aiki ba, da wuya ya yi mafarkin yin irinsa.

Anatsui ya haura shekara 80. Al'adar wannan kasuwa kuwa sananniya ce: ranar da mai fasaha ya bar duniya, farashin abin da ya bari kan yi tashin gwauron zabo. Duk hukuma ko attajirin da ke son ɗaya daga cikin manyan mayafan nan ya zauna a ƙasar da aka ɗinka shi, yau ne ranar tayi. Allah ya ba masu hali kunnen ji.